Tambaya da Amsa: Yadda Siliki Ya Bar Hannun Masaƙa Ya Shiga Ɗakin Tiyata

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya, maganar siliki da aikinsa a likitanci. Mun zaɓi shida daga Bauchi da Gombe.

TAMBAYA: Malaminmu ya ambaci wani Farfesa David Kaplan, ya ce in ana maganar siliki a likitanci dole a kira sunansa. To me ya yi? Ai tun da can likitoci na ɗinki da zaren siliki. Daga wata ɗalibar kimiyyar sinadarai, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Gaskiyarki, malama. Ɗinki da siliki tsohon abu ne, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 manyan likitocin tiyata irin su Theodor Kocher a Suwizalan da William Halsted a Amurka suka ɗaukaka shi. Amma a hannunsu siliki zare ne kawai. Abin da Kaplan da abokan aikinsa na Jami'ar Tufts da ke jihar Masacusets suka tsaya a kai shi ne a warware zaren nan ya koma ruwa, sannan a sake gina shi a kowace siffa ake so: fata-fata mai haske kamar leda, soso mai huji-huji, kunu mai kauri, gari, har da ƙusa mai tauri.

Zaren da tsutsar siliki ke saƙa gidanta da shi furotin iri biyu ne. Akwai fibroyin, shi ne ƙashin zaren, kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari. Akwai serisin, ƙaron da ke manne zaren, kashi 25 zuwa 30. In aka wanke ƙaron tas, jikin ɗan Adam yana karɓar fibroyin da sauƙi, kuma a hankali sinadaran jiki su cinye shi su mayar da shi ƙananan gutsattsarin furotin. Babban abin da ya ja hankalin masana shi ne ana iya tsara saurin wannan cinyewar. A gwajin da aka yi a jikin ɓeraye, soson da aka haɗa da ruwa ya narke cikin wata biyu zuwa shida, wanda aka haɗa da wani sinadarin daban kuwa ya haura shekara. Likita mai son nama ko ƙashi ya tofo yana buƙatar abin da zai riƙe wurin kamar yadda tanka ke riƙe jinka, ya kuma janye jikinsa idan sabon naman ya tsaya da ƙafarsa.

Don a ba kowa haƙƙinsa, ba Kaplan ne ya fara narkar da siliki ba, masanan Japan sun daɗe suna yi. Tasirinsa ya fi fitowa a wurare biyu. Na farko, maƙalar da ya fitar da abokansa a 2003 a mujallar Biomaterials ta tattara hujjojin cewa siliki da aka wanke ya cancanci zama kayan gina nama. Na biyu, kuma mu a ganinmu shi ya fi nauyi, a 2011 ɗakin bincikensa ya wallafa cikakkiyar hanyar aikin a mujallar Nature Protocols, awo-awo, minti-minti, ba ɓoye-ɓoye. Daga nan duk ɗakin bincike mai tukunya da ma'auni ya samu damar shiga fagen. A 2014 aka ji labarin ƙusoshin siliki na ɗaure karaya da aka gwada a ƙashin ɓeraye, da kuma wani soso mai siffar gammo da aka raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a cikinsa na tsawon makonni. A 2021 aka zaɓe shi cikin Majalisar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka saboda wannan aiki.

Sai dai ki riƙe wannan: yawancin abin da aka lissafa yana matakin dabbobi ne. Waɗanda suka isa jikin mutane kaɗan ne. An taɓa yin ragar tiyata mai suna SERI da kamfanin Serica ya fara, kamfanin Allergan ya saye Serica a 2010, kuma a 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja kunnen Allergan kan tallata ragar don tiyatar nono alhali ba a ba ta izinin wannan aikin ba. Akwai kuma Silk Voice na kamfanin Sofregen, allurar da ake yi wa tantanin murya idan ya kasa rufuwa, wadda ta samu izini a 2019.

TAMBAYA: Muna so ɗalibanmu su haɗa ruwan fibroyin a ɗakin gwaji. Mun gwada sau biyu, na farko bai narke ba, na biyu ya daskare kamar tuwo a firji kafin mako. Ku yi mana bayanin matakan da inda ake kuskure. Daga wani mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Malam, duka matsalolin biyu sanannu ne, kuma kowace tana da tushenta. Bari mu bi aikin daga farko.

Ka yanka gidajen tsutsar da almakashi, gutsure-gutsure kamar girman farce, ka zubar da mushen tsutsar da duk wani ɓangare mai tabo. Auna giram 5. Ɗora tataccen ruwa lita 2 a wuta, idan ya tafasa ka zuba sodiyam kabonet giram 4.24 sannu a hankali, don in ka juye shi gaba ɗaya ruwan zai yi bori ya zube. Sai ka zuba silikin, ka fara ƙirga minti 30 daga wannan lokacin, kana ɗan motsawa da sandar gilashi don kada ya dunƙule. Minti 30 ɗin nan ba ado ba ne. In ka rage, ƙaro zai saura. In ka ƙara, ruwan zai fara yanyanka sarƙar fibroyin kanta, sai ka samu ruwa mai rauni wanda fatar da za a yi da shi za ta riƙa tsagewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kowane zubi lokacinsa ya zama ɗaya, in ba haka ba sakamakon ɗalibi ɗaya ba zai yi daidai da na ɗan'uwansa ba.

Tsame shi, ka ɗauraye a ruwa mai tsabta sau uku, kowane minti 20, ka matse, ka baza shi a kan takardar alminiyam ya kwana ya bushe. Da safe za ka gan shi fari, mai laushi kamar audugar da aka shiɓe. Sake aunawa. Giram 5 ya kamata ya dawo wajen giram 3.5 zuwa 3.8. In ka ga 4.5, wanki bai yi ba, ko kuma bai gama bushewa ba.

Yanzu narkarwa, inda zubinku na farko ya tsaya. Ana amfani da gishirin litiyam buromaid mai ƙarfin mola 9.3, wato giram 80.8 a narkar a cike da ruwa har jimillar ta kai mililita 100. Lura da kalmar jimilla. Masu zuba gishirin a kan mililita 100 na ruwa suna samun abin da bai kai ƙarfi ba, kuma siliki ba ya narkewa a raunannen ruwa. Gishirin nan kuma yana shan laimar iska da sauri, kwalbar da aka bari a buɗe da damina ta riga ta sha ruwa, awonta ba zai gaya maka gaskiya ba. Yana yin zafi sosai idan ya haɗu da ruwa, don haka a zuba kaɗan-kaɗan, da safar hannu da tabarau. Kowane giram 1 na siliki yana cin mililita 4. Cusa silikin a ƙaramin kofin gilashi tukuna, ka danna shi, sannan ka zuba ruwan gishirin a kansa. In ka yi akasin haka silikin zai yi ta yawo a sama bai jiƙa ba. Rufe, ka sa a tanda mai zafin digiri 60 na tsawon awa 4. Idan ya yi daidai za ka ga abu mai kauri, launin zuma, ba ko silin zare a ciki. Siliki mai danshi, ko tandar da wuta ta ɗauke mata a tsakiyar aiki, su ma suna hana narkewa.

Sai cire gishirin, da dabara irin ta wankin ƙoda. Ana ɗura ruwan a jakar dayalisis mai ƙananan huji na awo 3,500, a nutsa ta a tataccen ruwa, lita 1 ga kowane mililita 12, ana juyawa a hankali. A canja ruwa sau shida cikin awa 48: bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, da dare, washegari da safe da dare, sai safiyar rana ta uku. Kada a cika jakar taf, domin ruwa zai shiga ta kumbura, tana iya fashewa. Ka auna ruwan wankin ƙarshe da na'urar auna gishiri, ya zama kusan daidai da tataccen ruwan da ka fara da shi. Daga nan a juya shi a na'urar santirifuj, juyi 9,000 a minti, sanyin digiri 4, minti 20, sau biyu, don dauɗa ta kwanta. Fibroyin da ke cikin ruwan da zai fito yakan kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari. Don tabbatarwa, auna rabin mililita, ka busar a digiri 60, ka auna abin da ya rage.

Maganar daskarewa kuwa, ɗabi'ar fibroyin ce. A cikin ruwa sarƙoƙinsa a sake suke, amma kullum neman juna suke su jeru su kulle, kuma in sun kulle ba sa komawa. A sanyin digiri 4 mai ɗorewa yakan kai kusan wata ɗaya. Zafi, girgiza, kumfa, tsami, da barin sa kwana da kwanaki a jakar wanki duk suna gaggauta kullewar. Firjin da ke mutuwa da rana ya farfaɗo da dare, a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, ya isa ya mayar da shi tuwo cikin kwanaki kaɗan. Sa shi a firiza ma ba mafita ba ce, ƙanƙara na sa shi ya dunƙule. Shawararmu ita ce ku riƙa haɗa kaɗan, ku tsara aikin ɗalibai ya faɗo a makon da aka gama haɗin, ku adana busasshen silikin da aka wanke, shi yana daɗewa a rufaffen mazubi.

In litiyam buromaid ya yi tsada, akwai haɗin Ajisawa: kalsiyam kuloraid da etanol da ruwa a kan rabon mola 1 da 2 da 8, a zafin wajen digiri 70. Ya fi araha, sai dai ruwan da yake bayarwa ya fi saurin dunƙulewa.

Aiki mafi sauƙi da ɗalibai za su gani da idonsu shi ne soso. A zuba mililita 2 na ruwan fibroyin a ƙaramin mazubi, a barbaɗa gishirin girki tsantsa giram 4 wanda aka tankaɗe ƙwayoyinsa suka zama girma ɗaya, a rufe kwana ɗaya, sannan a jiƙa a ruwa kwana biyu ana canjawa. Gishirin zai narke ya bar hujinsa, kuma girman hujin yana bin girman ƙwayar gishirin. In fata kuke so, ku zuba a faranti ya bushe, amma ku sani za ta narke da ta taɓa ruwa sai an tsoma ta a metanol ko an ajiye ta cikin tururin ruwa ta kulle. Duk wannan na koyo ne da bincike, ba a ɗora shi a kan miki ko raunin kowa.

TAMBAYA: An koya mana cewa zaren siliki ba ya narkewa a jiki, yanzu kuma muna jin ana cewa jiki na cinye siliki. Wanne za mu ɗauka? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Azare.

AMSA: Sista, a bakin aiki ki riƙe abin da aka koya miki. An sa siliki a sahun zaren da ba ya narkewa domin yana riƙe ƙarfinsa fiye da lokacin da rauni ke buƙata ya haɗe. Amma wanda aka bari a cikin jiki yakan rasa ƙarfinsa cikin kusan shekara, bayan shekara biyu sau da yawa ba a samun sa. Maganganun biyu ba su ci karo ba.

Abin da ya fi shafar mara lafiya shi ne ƙirar zaren. Baƙin zaren nan kitsattse ne, an shafe shi da kaki ko silikon. Kitson ne ya sa yake da daɗin ɗauri, ƙullinsa ba ya zamewa, shi ya sa ake son sa wajen ɗaure jijiyar jini, kafe robar da ke fitar da ruwa daga rauni, da ɗinkin cikin baki. Kitson ne kuma aibinsa, don tsakanin silin akwai lungunan da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, kuma yana jan ruwa kamar lagwani daga waje zuwa ciki. Saboda haka raunin da ya sha ƙasa, kamar na faɗuwar babur ko saran fartanya, nailan mai sili ɗaya ya fi dacewa da shi. Ba a kuma barin siliki a mafitsara ko hanyar matsarmama, yana zama tushen tsakuwa. In an ɗinka fata da shi, a cire a kan lokaci: fuska wajen kwana 5, fatar kai 7 zuwa 10, kan gaɓa 10 zuwa 14. Wanda ya wuce lokaci shi ke barin tabo mai kama da tsani, ko ƙaramin ƙurji a bakin kowane huji.

TAMBAYA: Da gaske ne siliki zai sa a daina ajiye allurar rigakafi a firji? Daga wani jami'in rigakafi, Dukku.

AMSA: Ana bincike a kai, kuma dalilin yana da ma'ana: busasshen fibroyin yana kulle furotin a tsakanin sarƙoƙinsa, ya hana shi motsi da shan laima, su ne kuwa ke lalata magani a zafi. Kamfanin Vaxess a Amurka an kafa shi a kan wannan fasaha ta Tufts, ya kuma yi aikin wani ɗan manne mai ƙananan allurai da ake liƙawa a fata. Amma ko ɗaya daga cikin alluran da ke hannunku ba a haɗa shi da siliki ba. Digiri 2 zuwa 8 na nan daram, a duba alamar zafi da ke jikin kwalba kafin a buɗe, kuma allurar ƙyanda da aka haɗa da ruwanta a zubar bayan awa 6.

TAMBAYA: Na ji ana tsoma kayan gwari a ruwan siliki su daɗe ba su ruɓe ba. Zai yi wa tumatir? Daga wani dillali, kasuwar Muda Lawal, Bauchi.

AMSA: Alhaji, labarin yana da asali. A 2016 Benedetto Marelli da Fiorenzo Omenetto da Kaplan suka nuna cewa 'ya'yan itacen sitiroberi da aka tsoma a ruwan fibroyin mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari sun yi mako guda ba firji suna nan da ƙwarinsu, waɗanda ba a tsoma ba kuwa sun yanƙwane. Ayaba ma ta jinkirta nuna. Siririn rufin da ido ba ya gani yana rage numfashin ɗan itacen da fitar ruwansa. Har kamfani ya fito daga wannan binciken, sunansa Mori.

Amma ku dubi inda asararku take. Tumatirin da ke ƙasan babban kwando, wanda na sama ya danne shi, tsinken kwandon ya huda shi, ya sha rana a bayan mota, ba rufin da zai cece shi, don ruɓa ta ƙofar rauni take shiga. Akwatin roba da ake jerawa ba tare da wani ya hau kan wani ba, tsinka da sassafe, inuwa, da randa cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, su za su fi rage muku asara a yau. Kuma kada kowa ya haɗa ruwan siliki a gida ya zuba wa abinci, ragowar litiyam guba ce.

TAMBAYA: Ni aikin riga na gada. Iyayenmu da zaren tsamiya suke yin aska takwas. Shin tsamiyar nan tamu za ta shiga wannan aikin na asibiti? In ba za ta shiga ba, za a iya kiwon tsutsar Sin a nan? Daga wani dattijo maɗinki, cikin garin Bauchi.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Tsamiyar da kuka sani siliki ce ta gaske, fibroyin ce da ƙaro kamar waccan, sai dai tsutsar daban ce. Masana na kiran danginta Anaphe, Yarbawa kuma na kiran zaren sanyan. Tsutsar Sin, wato tsutsar siliki ta gida da ake kiwo, kowace gidanta take saƙawa ita kaɗai, da sili ɗaya da ke kai ɗaruruwan mitoci, shi ya sa ake warware shi kai tsaye. Tamu kuwa taron dangi suke yi, ɗaruruwa su rufe kansu cikin jaka ɗaya mai ruwan ƙasa a jikin itace, zaren ya sarƙe, dole a dafa, a shiɓe, a kaɗa da mazari kamar auduga. Dafuwar da iyayenku ke yi da ruwan toka ita ce dai wankin ƙaron da muka bayyana a sama, aikin da toka ke yi shi sodiyam kabonet ke yi. Sun riga masu farar riga sanin wannan da ƙarnoni.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen narkarwa. Silikin daji ya fi na gida taurin kai, sarƙoƙinsa sun fi kulluwa, kuma litiyam buromaid da ke narkar da na Sin cikin awa 4 sau da yawa ba ya cin na daji yadda ya kamata. A Indiya, masu aiki da silikin dajinsu sukan ɗebo furotin ɗin daga cikin tsutsar tun bai zama zare ba. Ga kuma ƙura da ɓawon itace da gashin tsutsar mai ƙaiƙayi da ke cikin jakar, alhali kayan asibiti suna son abu mai tsabta wanda zubin yau da na gobe ba su bambanta ba. Don haka ba a kai tsamiya jikin mara lafiya ba. Amma muna ganin babban aikin bincike ne da ke jiran ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere: a auna ƙaron da ke fita da ruwan toka, da kanwa, da soda tsantsa, a gwada ƙarfin zaren bayan kowanne, a nemo abin da ke narkar da shi. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi irin wannan a kan 'yar'uwarta ta Kenya. Ɗalibin da zai fara, wurinku ya kamata ya fara zuwa, don ku kuka san lokacin ɗiba da itatuwan da ake samu. Mai ɗiba ya jira malam-buɗe-littafin ya fice tukuna don kada iri ya ƙare, ya sa safar hannu, ya jiƙa jakar kafin ya yage ta saboda ƙaiƙayi.

Kiwon tsutsar Sin kuwa yana yiwuwa, amma tana da zaɓe. Ganyen wani itace mai suna malberi kaɗai take ci, sabo, ba jiƙaƙƙe ba, ba wanda feshin gona ya taɓa ba, ko hayaƙin maganin sauro yana kashe ta. Tana son zafin digiri 23 zuwa 28 da iska mai laima, kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari. Daga ƙyanƙyasa zuwa fara saƙa kusan mako huɗu ne, tana saɓa sau huɗu, kuma mafi yawan ganyen a makon ƙarshe take cinye shi, nan ne masu farawa ke ganin ganye ya yanke musu. Bazararmu ta yi mata zafi, hunturu ya yi mata bushewa, damina ce lokacinta, a ɗakin ƙasa mai iska, da jiƙaƙƙen buhu a taga, ana barbaɗa farar ƙasa ta laim a shimfiɗarta ana kwashe matattu kullum. Akwai kuma tsutsar eri, mai cin ganyen zurma da na rogo, wadda ta fi jure zafi da cuta. Gidanta a buɗe yake ta baki ɗaya, ba a warware shi, kaɗa shi ake yi da mazari, wato hannun da ya iya tsamiya ba sai an koya masa ba.